Harsuna, annabci da mu'ujizai: sun ƙare da manzanni ko suna nan har yau?

"Baba Fasto barka da aiki. Dan Allah inada tambaya da ta daɗe tana damuna. A cocin da na taso an koya mana cewa magana da harsuna da annabci da mu'ujizai duk sun ƙare tun zamanin manzanni. Toh yanzu na fara bin wata ƙawata zuwa taron addu'arsu, a wurin kowa yana magana da harsuna, har shugabansu yace min in ban yi ba toh ban karɓi Ruhu Mai Tsarki ba tukuna. Kuma ranar nan yace Ubangiji ya nuna masa mamana ta warke daga hawan jini, wai ta daina shan magani dan shan magani rashin bangaskiya ne. Gaskiya na rikice. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Abubuwan nan suna nan har yau ko sun wuce?"

Sannu ɗiyata, Allah ya miki albarka da kika tambaya baki bar abin yana cinki a ciki ba. Kafin dogon bayani bari in fara da wanda ba zai jira ba: kada mama ta daina shan maganin nan. In ma ta riga ta ajiye toh ta koma masa, ku je a auna jinin nata. Dalili zai zo a ƙasa amma wannan kam ba sai kin gama karatu ba.

In na fahimceki da kyau abu uku kika haɗa wuri ɗaya, harsuna, annabci, da mu'ujizai, kina so ki san ko Allah ya rufe su da mutuwar manzanni. Kuma a ƙarƙashinsu akwai na huɗu wanda nake zaton shi yafi hanaki barci, wato ko ke kanki kinada Ruhu Mai Tsarki. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya dan ba amsa ɗaya ce ke kansu ba, kuma yawan rikicin da ake yi daga cakuɗa su ne yake tasowa.

Gardamar ta girme mu duka

Ba a cocinku ta fara ba, ba kuma a taron ƙawarki ba. Wajen shekara ta 180 wani bishop mai suna Iraniyas a birnin Liyon, cikin Faransa ta yau, ya rubuta cewa suna jin 'yan'uwa da yawa cikin ikilisiya masu baiwar annabci, masu magana da harsuna iri iri ta wurin Ruhu. Kinga a lokacin manzanni duk sun daɗe a kabari. A wannan ƙarnin dai wani mutum Montanus ya taso a yankin Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, shi da mata biyu Firisila da Maksimila, suna annabci kamar sun fita hayyacinsu suna cewa ƙarshe ya matso, har sai da bishop-bishop na yankin suka zauna suka raba gari da su. Masana tarihi da dama na ganin tun daga rikicin nan shugabannin ikilisiya suka fara ɗari-ɗari da duk wanda ya miƙe yace Ruhu ya faɗa masa.

Bayan kamar shekara ɗari biyu sai ga Yohanna Kirisostom, shahararren mai wa'azin nan da ya rasu a 407, da ya zo bayanin 1 Korantiyawa 12 sai yace wurin yana da duhu ƙwarai, dalili kuwa abubuwan da Bulus ke magana a kai sun daina faruwa. Ogastin bishop ɗin Hippo, a Aljeriya ta yau, shi ma yace harsuna alama ce da aka bayar domin wancan lokacin kuma ta wuce, amma da ya tsufa sai ya zauna yana rubuta labaran warkarwa da suka faru a garinsa, yace cikin ƙasa da shekara biyu sun tattara kusan saba'in. Mutum ɗaya ne fa, yace harsuna sun wuce, yace warkarwa tana nan.

Koyarwar da aka baku a cocinku ta yi ƙarfi ne daga zamanin gyaran ikilisiya, a ƙarni na 16, lokacin da wasu Kiristoci suka rabu da cocin Katolika. 'Yan Katolika na lokacin suna ƙalubalantar jagororin gyaran irin su John Calvin cewa in koyarwarku gaskiya ce ina mu'ujizanku, shi kuma Calvin ya amsa cewa ai mu ba sabuwar bishara muka kawo ba, bisharar da muke wa'azi an riga an tabbatar da ita da mu'ujizan Yesu da na manzanni. Daga baya wani malamin tauhidi a Princeton ta Amurka, B. B. Warfield, ya fitar da littafi a 1918 ya tsara hujjar tsaf, yace an ba da baye-bayen al'ajabi ne domin su zama shaidar manzanni, da manzanni suka tafi su ma suka tafi. Yawancin cocin da ke koyar da cewa an daina ba da baye-bayen nan daga wannan jijiyar suka fito, ko da fastocinsu basu taɓa jin sunan Warfield ba.

Ɗaya ɓangaren kuma a yadda muka san shi yau bai kai shekara 130 ba. Ranar 1 ga Janairu 1901, a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Charles Parham da ke Topeka a jihar Kansas, wata ɗaliba Agnes Ozman ta nemi a ɗora mata hannu, ta fara magana da wani harshe. Parham ne ya kafa koyarwar cewa harsuna su ne shaidar farko ta baftismar Ruhu Mai Tsarki. William Seymour, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi wanda ya saurari darasin Parham, ya kai abin Los Anjeles, a 1906 taron titin Azusa ya kankama, mutane daga ƙasashe suna zuwa suna komawa da shi. A 1914 aka kafa cocin Fentikos mai suna Assemblies of God, a 1960 abin ya shiga cocin Angalika na Amurka ta wurin wani limami Dennis Bennett, a 1967 ya shiga Katolika ta wurin ɗaliban jami'ar Duquesne. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta a 2011 cewa 'yan Fentikos da masu bin wannan tafarki a cikin sauran coci sun kai miliyan 584, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristocin duniya. Na kawo lissafin nan ne dan ki san ba 'yan tsiraru ake magana ba, amma yawa ba hujja bane, Littafi Mai Tsarki zamu tambaya.

Ayoyin da ake ja a kansu

Ayar da aka fi jawowa ita ce 1 Korantiyawa 13:8-10, inda Bulus yace annabci zai shuɗe, harsuna zasu ƙare, ilimi zai shuɗe, idan cikakke ya zo toh wanda bai cika ba zai wuce. Wasu malamai suka ce cikakken nan shi ne kammaluwar Sabon Alkawari, da aka gama rubuta shi shikenan. Ni gaskiya wannan fassarar bata zauna min ba, kuma ko a cikin masu cewa an daina akwai manyan malamai da suka ajiye ta. Ki karanta zuwa aya 12, yace yanzu muna gani ne dishi-dishi kamar a madubi amma a sa'an nan fuska da fuska, yanzu sanina kaɗan ne amma a sa'an nan zan sani sarai kamar yadda aka san ni sarai. Toh wa zai ce dan yana riƙe da littattafai 66 a hannu ya kai matsayin da Bulus kansa bai kai ba, yana ganin Allah fuska da fuska? Wannan zancen dawowar Almasihu ne. A farkon wasiƙar ma, 1:7, ya gaya musu basu rasa wata baiwa ba yayin da suke jiran bayyanar Ubangiji Yesu. Ayar ta tabbatar zasu ƙare, amma ranar da ta sa musu bata zo ba tukuna.

Kada ki ɗauka mutanen cocinku basu da hujja fa, suna da ita, kuma mai nauyi. Afisawa 2:20 tace an gina ikilisiya a kan harsashin manzanni da annabawa, harsashi kuwa sau ɗaya ake zuba shi. 2 Korantiyawa 12:12 ta kira alamu da al'ajibai alamun manzo na gaskiya. Ibraniyawa 2:3-4 tana maganar yadda Allah ya tabbatar da shaidar waɗanda suka ji daga bakin Ubangiji ta wurin alamu. Kuma in kika bi Littafi Mai Tsarki tun daga farko zaki ga mu'ujizai basu bazu daidai a ko'ina ba, sun fi taruwa a zamanin Musa da Joshuwa, zamanin Iliya da Elisha, sai zamanin Yesu da manzanni, tsakaninsu akwai ɗaruruwan shekaru da ba a cika jin labarinsu ba. Wannan gaskiya ce kuma ya kamata masu neman mu'ujiza kowace Lahadi su zauna su yi tunani a kanta.

Inda hujjar ke rauni shi ne ba manzanni kaɗai suka yi waɗannan abubuwan ba. Istifanas ba manzo bane, Filibus mai bishara ba manzo bane, Hananiya na Dimashƙu da ya ɗora wa Shawulu, wato Bulus, hannu ya buɗe ido almajiri ne kawai, 'ya'yan Filibus mata huɗu suna annabci, a Galatiyawa 3:5 Bulus yana maganar al'ajibai da ke faruwa a tsakaninsu alhali shi baya nan. Ikilisiyar Koranti kuwa da duk rigingimunta, rarrabuwa da kai juna ƙara da buguwa a wurin jibin Ubangiji, cike take da baye-baye. Ranar Fentikos Bitrus ya jawo annabi Yowel yace a kwanakin ƙarshe 'ya'yanku maza da mata zasu yi annabci, mu kuwa har yanzu cikin kwanakin ƙarshen muke.

Matsayina ke nan, tunda kin tambaya wa ke da gaskiya. Matsayin manzo irin na sha biyun nan da Bulus ya rufe, domin sharaɗinsa a Ayyukan Manzanni 1:21-22 shi ne mutum ya zama shaidar tashin Yesu da idonsa, kuma babu wata magana da wani zai faɗa yau da zata zauna kusa da Littafi Mai Tsarki a iko. A nan ina tare da cocinku ɗari bisa ɗari. Amma cewa Ruhu ya daina ba da baye-bayen nan gaba ɗaya, na nemi ayar da ta faɗi haka ban same ta ba, abinda na samu shi ne kada ku hana magana da harsuna, kada ku raina annabci. Sai dai Bulus da ya rubuta waɗannan shi ne kuma ya kafa musu dokoki masu tsauri, kuma abin baƙin ciki galibin abinda ake yi da sunan baye-bayen nan a yau ba ya tsallake dokokin. Akwai malamai masu tsoron Allah da suka fi ni karatu a ɓangarorin biyu da basu yarda da ni ba, ki san da wannan.

Harsuna, da maganar ko kinada Ruhu

A cikin Ayyukan Manzanni wuri uku ne aka ambaci harsuna ƙarara, sura 2 a Urushalima, sura 10 a gidan Karniliyas a Kaisariya, sura 19 a Afisa ga mutum wajen sha biyu. A sura 2 harsunan mutane ne sanannu, Fartiyawa da Mediyawa da Masarawa da Larabawa kowa yana jin ana yabon Allah da harshen garinsu. Mutum dubu uku da aka yi wa baftisma ranar ba a ce sun yi harsuna ba, haka mutumin Habashan nan da Filibus ya yi wa baftisma, haka Lidiya, haka mai gadin kurkuku na Filibi. A Koranti kuma abin kamar ya ɗan bambanta, Bulus yace mai magana da harshe da Allah yake magana ba da mutane ba, domin ba mai fahimtarsa, shi yasa ake bukatar baiwar fassara.

Su Parham da farko sun gaskata harsunan ƙasashe aka basu domin bishara, har wani mai suna A. G. Garr ya tafi Indiya daga Azusa yana zaton zai yi wa'azi da harshen Bengali ba tare da ya koya ba, da ya isa Kalkata mutanen wurin basu gane komai ba. Daga irin wannan ne aka koma cewa harshen addu'a ne. Wani masanin harsuna na jami'ar Toronto, William Samarin, ya ɗauki shekaru yana naɗar muryoyin masu magana da harsuna a ƙasashe daban daban, a 1972 ya fitar da sakamakonsa cewa abin yana da sauti da kari kamar harshe, ana harhaɗa shi daga sautukan da mai maganar ya saba da su, amma ba shi da tsarin kalmomi da ma'ana irin na harshen ɗan adam. Binciken nan ba zai iya gaya miki ko Allah yana karɓar abin a matsayin addu'a ba, wannan ba aikin na'urar naɗar murya bane. Abinda yake nuna mana shi ne sautin kansa ba hujja bane, mutum yana iya koyonsa, ana kuma samun irinsa a wajen Kiristanci. Shi yasa in naji ana cewa mutum buɗe bakinka ka maimaita bayana, ƙara sauri, ƙara sauri, raina yake ɓaci, domin baiwa ba a koyar da ita da maimaici, kuma nasan yara da yawa da suka ƙirƙira dan kunya ta ishe su, daga baya suka zauna da laifi a zuciya shekara da shekaru suna ganin sun yi wa Allah ƙarya.

Ni kaina ban taɓa magana da harsuna ba. Ina da abokan hidima da suke yi a ɗakinsu cikin addu'a, mutane ne da na ga rayuwarsu na kuma ga 'ya'yan Ruhu a cikinta, ba zan buɗe baki ince ƙarya suke ko aljani ne ba, Allah ya kiyaye ni. Su ma basu taɓa ce min ni ban cika Kirista ba.

Wannan ya kawo mu kan maganar shugaban nan. Ɗiyata, abinda ya gaya miki ba daidai bane. Romawa 8:9 tace wanda bashi da Ruhun Almasihu ba nasa bane, wato duk na Almasihu yana da Ruhu. Afisawa 1:13 tace lokacin da kuka ba da gaskiya aka hatimce ku da Ruhu Mai Tsarki. 1 Korantiyawa 12:13 tace dukanmu da Ruhu ɗaya aka yi mana baftisma cikin jiki ɗaya, sannan a aya 29 da 30 na surar ya jero tambayoyi, duka ne manzanni, duka ne annabawa, duka ne ke magana da harsuna, kuma amsar kowacce a'a ce. Abinda ma mutane basu sani ba, manyan cocin Fentikos irin su Assemblies of God a rubutacciyar koyarwarsu basu ce wanda bai yi harsuna ba bashi da Ruhu ko bai sami ceto ba, sun bambanta sabuwar haihuwa da abinda suke kira baftismar Ruhu domin ikon hidima. Ni ban yarda da su a kan cewa harsuna dole ne su zama shaidar ba, amma ko a ma'auninsu mutumin nan ya zarce.

Sai kuma dokar taro. 1 Korantiyawa 14:27-28, mutum biyu, in sun yi yawa uku, bi da bi, wani ya fassara, in babu mai fassara mutum ya yi shiru a taron ya yi magana da kansa da Allah. A aya 23 yace in kowa yana yi lokaci ɗaya baƙo ya shigo ai zai ce kun haukace. Bulus ɗin da yace ya fi su duka magana da harsuna shi ne yace a cikin taro gara masa kalma biyar da hankalinsa da dubu goma da wani harshe. Ke da kika je taron, ki gwada abinda kika gani da ayoyin nan da kanki. In an ce ai Ruhu ne ya sauko ba a iya tsayar da shi, aya 32 tace ruhohin annabawa suna ƙarƙashin annabawa.

Annabci

Nan ne na fi jin tsoro, fiye da harsuna nesa ba kusa ba, domin harshen da ba a gane ba bai cika raba aure ba amma "Ubangiji ya ce" ya raba da yawa. Masu cewa annabci yana nan, irin su malamin nan Wayne Grudem, suna bayyana shi a matsayin abinda Allah ya sa a zuciyar mutum shi kuma ya faɗa da kalmominsa, dan haka yana iya gauraya da kuskure. Suna kafa hujja da almajiran Taya a Ayyukan Manzanni 21:4 da suka gaya wa Bulus ta wurin Ruhu kada ya je Urushalima, shi kuma ya tafi abinsa. Masu ja da su suna cewa babu annabci mai daraja biyu, ko dai Allah ya faɗa ko bai faɗa ba, Maimaitawar Shari'a 18:22 kuma ta yanke hukunci, in abin bai faru ba Ubangiji bai faɗa ba. Ko wanne kika bi, sakamakonsa a aikace ɗaya ne: ba a haɗiye annabci sai an auna. 1 Korantiyawa 14:29 tace biyu ko uku su yi magana sauran su auna, 1 Tasalonikawa 5:20-21 tace kada ku raina annabci amma ku gwada komai, 1 Yahaya 4:1 tace kada ku gaskata kowane ruhu. Duk annabin da ke fushi in an ce za a auna maganarsa ya riga ya faɗi jarabawar farko.

Kuma ki lura da aikin da aka ba annabci a 14:3, ginawa, ƙarfafawa, ta'aziyya. Annabi Agabas a Ayyukan Manzanni ya faɗi yunwar da ta zo a zamanin Kalaudiyas, sakamakon kuwa shi ne 'yan'uwa suka tara gudummawa suka aika Yahudiya, ba aljihun Agabas aka cika ba. Akwai wata tsohuwar takardar koyarwa ta ikilisiyar farko da ake kira Didake, tun wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, a ciki an ce in wani yace cikin Ruhu ku bani kuɗi kada ku saurare shi. Kinga matsalar ba ta yau bace. A zaɓen Amurka na 2020 masu kiran kansu annabawa da yawa sun fito a bidiyo sun ce Allah ya nuna musu Trump zai zarce karo na biyu a jere, bai zarce ba, kaɗan suka fito suka nemi gafara, wasu kuwa suka juya maganar suka ci gaba kamar ba abinda ya faru.

Abinda nake yi a hidimata mai sauƙi ne. In wani ya zo yace yana da saƙo, sai ince ya rubuta, a sa kwanan wata, ya kawo wa dattawa mu duba tukuna kafin ya hau gaban jama'a. Da yawa daga nan suke ɓacewa. Saƙon da ya shafi wa zaki aura, barin aiki, barin magani, ko nuna wani a dangi a ce shi ne maƙiyinki, bana barin a faɗa wa mutum shi kaɗai a ɓoye. Na kuma ga lokutan da wani ɗan'uwa marar hayaniya ya faɗi magana da ta dace da halin da wani ke ciki wanda ba yadda za a yi ya sani, mutumin ya tuba ko ya sami ƙarfi, kuma mai faɗar bai nemi a san sunansa ba. Irin wannan ban da dalilin musunsa.

Mu'ujizai, da maganin mama

A nan tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu bata kai yadda ake zato ba. Ki tambayi fastonku na gida ko Allah yana warkarwa yau, zai ce miki sosai ma, ai shi yasa ake addu'a domin marasa lafiya. Abinda suke musu shi ne ko akwai mutum mai baiwar da zai ce wa gurgu tashi ya tashi nan take kamar yadda Bitrus ya yi a ƙofar Haikali. Yakubu 5:14-15 bata da ranar ƙarewa, marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. Dattawan ikilisiyarsa aka ce, ba a ce ya nemi wani shahararre ba. Muna yin haka, na ga waɗanda suka tashi har likita ya yi mamaki, na kuma binne waɗanda muka yi wa addu'a iri ɗaya da hawaye iri ɗaya, kuma ba zan ce miki na biyun bangaskiyarsu ce ta gaza ba.

Domin ko a zamanin manzanni ba kowa ya warke ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa aka ce alherina ya ishe ka. Ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, 2 Timoti 4:20. Abafaroditas ya kusa mutuwa a wurinsa. Timoti mai yawan ciwon ciki, shawarar abinda zai sha Bulus ya bashi a 1 Timoti 5:23, bai ce masa rashin bangaskiya bane. Luka da ya rubuta Ayyukan Manzanni, littafin da ya fi kowanne labarin mu'ujizan ikilisiya, likita ne, Bulus kuma yana kiransa ƙaunataccen likita. Toh daga ina aka samo cewa magani gaba yake da bangaskiya?

Kuma warkarwa ta gaskiya bata tsoron bincike. Yesu da ya warkar da kuturu cewa ya yi je ka nuna kanka ga firist, firist kuwa a Shari'ar Musa shi ne mai duba fata ya tabbatar ko cutar ta tafi. A Lourdes ta ƙasar Faransa, inda 'yan Katolika ke zuwa neman waraka tun 1858, akwai ofishin likitoci da ke bincikar duk wanda yace ya warke, an kai musu rahoto sama da dubu bakwai amma waɗanda cocin ta amince da su a matsayin mu'ujiza saba'in ne da 'yan kai. Ko mutum bai yarda da koyarwar Katolika a kan wurin ba, wannan taka-tsantsan ɗin abin koyi ne. Ni ma in wani yace ya warke daga cutar da asibiti ta gano, sai ya koma asibitin an sake gwaji kafin in bashi makirfo ya ba da shaida.

Ni ba likita bane, amma abinda kowane likita zai gaya miki shi ne hawan jini yakan zauna a jiki ba tare da mutum ya ji komai ba, mama tana iya jin garau alhali jinin yana sama, kuma ajiye magani kai tsaye yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko lalacewar ƙoda. In Allah ya warkar da ita na'urar awo zata nuna, ba sau ɗaya ba, a kai a kai, likitan da kansa zai rage maganin ko ya tsayar. Ba abinda annabcin zai rasa in an jira wannan.

Ban san zuciyar shugaban nan ba, daga nesa nake jin labari kuma ta bakin mutum ɗaya, mai yiwuwa yaro ne mai himma da ba a koyar da shi ba, dan haka ba zan kira shi annabin ƙarya daga nan ba. Amma maganganu biyu da ya faɗa miki duka sun saɓa wa Nassi, ɗaya kuma tana iya kashe mutum. Ki gaya wa fastonku ko wani dattijo da kika amince da shi duk abinda ya faru, kada ki je wurin shugaban ke kaɗai, ku je tare, ku buɗe masa 1 Korantiyawa 12:30 da 14:27-29 ku tambaye shi a hankali yadda yake fahimtarsu, ku kuma tambaye shi ko akwai wasu da ya gaya wa su bar magani, domin in akwai toh a nemo su da wuri. Kafin a yi wannan zaman ni shawarata ki dakata da zuwa taron, ƙawarki kuma kada ki yanke ta, ki nuna mata ayoyin nan ku karanta tare.